Tasin Mzee Gitau Ta Miƙe

"Barasa, ka kashe min tasi!" Dattijo Mzee Gitau ya faɗo gareji yana huci. "Tun da ka canja ƙarafan da ke riƙe tayoyin gaba, ɓangaren dama take ja. Saura ƙiris in rungumi bas!"

Makaniken ya leƙa ƙarƙashin motar. Ƙarafan ba na kamfani ba ne, ga bakin tsohon ya fi rediyo. Gobe duk garin Nakuru ya ji.

Suka hau titi. Barasa ya saki sitiyari, mota ta miƙe ɗoɗar.

Mzee ya karɓa. Nan take hannuwansa suka murɗa dama, yadda suka saba tare ta shekara da shekaru tana ja hagu.

Barasa ya yi ajiyar zuciya. "Mzee, mota ta warke. Gobe kawo kafaɗunka mu yi musu saiti."