Na'urar Karatun Makafi

"Riƙe, 'yata, kada ki ji tsoro," in ji injiniyan da ya zo daga Yamai, ya ɗora mata na'urar a tafin hannu. Manyan baƙi suka cika farfajiyar makarantar Agiye da tafi tun ba a kunna komai ba.

Ita ba tafi ne ya kawo ta ba. Jarrabawa ta ƙarato, kuma tun da damina ta kwashe mutanen gida zuwa gona ba ta da mai karanta mata darasi. Ta shafa abin, ta ji shi sumul kamar bayan faranti.

"Ni da kaina na rufe ido na gwada ta," ya gaya wa 'yan jarida.

Ya kama yatsanta ya danna. Wata murya mai daɗi ta soma karanta darasin lissafi tiryan-tiryan. Hankalinta ya fara kwanciya, ta matso da kunne.

Sai muryar ta ce, "Yanzu ku dubi hoton da ke ƙasa, ku amsa tambaya."

Ta jira. Injiniyan ya leƙo ta kafaɗarta, ya gyaɗa kai.

"Masha Allah. Hoton ya fito tas."