Jarrabawar Suruka

'Yan ajinmu na intanet sun gama yanke wa wata tsohuwa da ke cikinmu hukunci. Wasu suka ce girman kai ne, wata ta ce, "Haba, tsohuwar nan ko madannin magana ba ta sani ba!" Rubutunta ya fi na kowa, amma duk sanda malaminmu ya kira sunanta daga Port Vila, babban birnin ƙasarmu, shiru kake ji.

Ni, dattijon da muke benci ɗaya da ita a zauren coci, inda kaɗai intanet ke kamawa a tsibirinmu, na san dalili. Malamin mijin 'yarta ne. A wurinmu suruki ba ya kama sunan surukarsa, ita ma ba ta amsa masa kai tsaye. Shi ya ɗauka al'ada ba ta shiga kwamfuta.

Ranar jarrabawar baka ya ce, "Wanda bai amsa ba yau, sai ya maimaita shekara."

Ta juya wa kwamfutar baya, ta fuskance ni. "Abokin karatu, gaya wa uban jikokina ya yi tambayarsa. A shirye nake."

Na gaya masa. Yana tambaya, tana amsa mini da babbar murya, ba gargada, har ya ƙare.

Can malamin ya sunkuyar da kai, ya yi mini magana.

"Baba, ka ce wa Mama ta ci jarrabawa. Ka kuma ce mata duk zangon nan ina kiran sunanta a gaban jama'a. Na yi laifi, ta yafe mini."