Koren Haske a Ƙirjin Abdulbaƙi

"Duba nan," in ji Abdulbaƙi, ya miƙa wa Salma wayarsa.

Zuwansa zance na biyu ke nan gidan su Salma a Ƙofar Wambai, ga shi an ce wani ɗan kasuwar Wunti na neman shan gabansa. Dole yau ya burge ta.

"Hoton cikin ƙirjina ne, ranar da aka yi mini aikin hanyar abinci da na'ura mai hannuwa. Kin ga koren hasken nan? Likitoci sun rasa gane kansa. Ni dai na san sonki ne, tun kafin mu haɗu."

Salma ta ƙura wa hoton ido, ta yi murmushi.

"Rini ne, Malam. Ta jijiya ake sa shi, hanyoyin jini su haska, don kada likitan da ke sarrafa na'urar ya yanki inda bai kamata ba."

Ya karɓe wayarsa. "Ranki ya daɗe, a ina kika sani?"

"A asibitin nake aiki, ni na yi maka allurar. Kuma da ka farfaɗo, wata Maimuna kake ta kira. Wace ce?"