Abin da Dalia Ta Tambayi Katuna

Tambayoyin da mata ke kawo wa Hajja Amna ba su da yawa, kuma ba sa canzawa. Mijina zai kira daga Libiya? Ofishin 'yan gudun hijira zai tuna da takarduna? Gidanmu na Omdurman yana nan a tsaye? Wannan cikin zai zauna? Dalia ta ji su duka, sau ba adadi, daga kan bencin da ake jiran layi a falon Hajja, hawa na huɗu a wani lungu na unguwar Ainu Shams da ke Alƙahira.

Hajja Bahaushiyar Sudan ce, tana duba da katunan tarut masu zane-zane, sana'ar da ta koya tun tana budurwa a wurin wata maƙwabciyarsu 'yar Girka. Ɗaliban Nijar da ke hawan ƙasa sun sha aiko mata da nasiha cewa haramun ne. Dalia ma ta san haka, kuma ba ta taɓa yarda kwali ya san gaibu ba. Amma ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba.

A da, layi har matakala yake kaiwa. Yanzu mutane sun janye, ana cewa maganar tsohuwar ta fara rikicewa. Da safen nan mace ɗaya ce a gaban Dalia, Wijdan mai sayar da turaren wuta, wadda mijinta ya hau jirgin ruwa wata bakwai da suka wuce, har yau babu labarinsa. Ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Dalia ta zuba shayi a kofin Hajja, cokalin sukari ɗaya da rabi, sannan ta zauna a gabanta.

"Marhaba, ya bitti," in ji Hajja, wato 'yata, yadda take kiran kowace yarinya. "Daga ina?"

"Daga Omdurman, Hajja."

Kullum da haka suke farawa. Fuskoki da yawa sun ratsa ɗakin nan, tsohuwar ba ta riƙe su.

Shekara biyu ke nan da yaƙi ya kore su. Su uku suka fito, ita da iyayenta, a bayan wata akori-kura da ta keta hamada ta tsallaka iyaka zuwa garin Aswan. A rana ta uku zafi ya kashe mahaifinta, baƙi suka tona rairayi suka rufe shi. Mahaifiyarta ta zauna a gefen kabarin ta ƙi tashi, direba yana ta ihun za a tafi. A wurin nan Dalia ta rasa ta.

Ta yi duk abin da ake yi. Ta bi asibitocin Aswan da na Alƙahira. Ta je wurin malamai, an yi saukar Alƙur'ani. Ta nuna hotuna har gefensu ya tsufa a hannunta. Amsa ɗaya take samu: a yi haƙuri, wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa.

Jiya Munzir, wanda aka sa musu rana kafin yaƙin, ya kira daga Jidda. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya samar mata hanyar zuwa, ita kaɗai, kuma danginsa sun ba shi zuwa ƙarshen wata. Ko ta zo, ko ta sawwaƙe masa. Ta ce ya ba ta kwana ɗaya.

"Me kike son sani?" Hajja ta tambaya tana cuɗa katunan. Hannun yana rawa in ta ɗauki kofi, amma a kan kati ba ya kuskure.

"Uwata. Za ta dawo?"

Duk ranakun baya amsar ba ta wuce a jira ba. Yau Hajja ta kife kati uku, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Hasumiya tana rushewa. Farin wata a kan ruwa. Sai wani mai sanda da ya juya baya yana hawa dutse, ya bar kofuna jere a ƙasa. Ta daɗe tana kallon na ƙarshen.

"Ba ta mutu ba," ta ce. "Amma ta yi nisa. Khalas, shi ke nan, ya bitti, wannan ba mai dawowa ba ce."

"Tana tunawa da ni?"

"Nemanki take yi dare da rana. Sai dai ba inda kike take dubawa ba." Hajja ta dafa mata hannu. "Ma'alish, yi haƙuri. Ke yarinya ce. In kina da wurin zuwa, ki tafi."

Dalia ba ta yi kuka ba. Ta tattara katunan ta mayar da su cikin ƙyallensu, ta leƙa kicin ta tabbatar an kashe gas, ta ɗauki jakarta. Aikin share-share na jiranta a unguwar Madinat Nasr, kuma ta riga ta makara.

A bakin ƙofa ta ciro waya ta rubuta wa Munzir: ka yafe mini, ba zan zo ba, Allah ya haɗa ka da ta gari. Ta aika, ta kashe wayar.

Zeinabu, maƙwabciya 'yar Nijar, tana hawowa da burodi a leda. Ta tsaya ta dubi fuskarta, ta rage murya.

"Yau ma ba ta gane ki ba?"

Dalia ta girgiza kai. Ta juya ta kulle wa mahaifiyarta ƙofa ta waje, don kada ta sake fita titi neman 'yarta.