Ƙyallen da Ya Ba da Shaida

Ka ce mini ba laifi ba ne a sayar da aikin mutum a ɓoye sunansa, tunda dai an biya shi. To gyara zama, Malam, in ba ka misali, don maganar nan taka ta ɓata mini rai.

An yi wata mata da take yin katin gaisuwa da hannu a cikin ɗakinta: na barka da sallah, na barka da haihuwa, na taya amare murna. Jarinta almakashi ne da gam da farin kwali, sai ƙyallayen da telan bakin layinsu yake sharewa ya tara mata a buhu. Takan zauna a tabarma ta yayyanka ƙyallen nan, ta fitar da fure ko ƙwarya ko ƙofar gida, ta liƙa, sannan ta rubuta gaisuwar da hannunta, da boko ko da ajami. Kati ɗaya yakan cinye mata hantsi guda, har almakashi ya yi mata kanta a babban yatsa. In ta gama sai ta juya bayansa, ta rubuta sunanta da na unguwarsu can a kusurwa. Ba ta da allo a ƙofar gida, ba ta da mai yi mata talla. Ɗan rubutun nan kaɗai ne hanyar da mai son aikinta zai bi ya same ta.

Wani mai shagon kayan kyauta a cikin gari shi yake kwashe katunan, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da ta juya baya sai ya ɗauko reza ya kankare sunan tas, ya zura katin a leda mai ƙyalli, ya ce wa masu saye daga ƙasar waje ake kawo masa, ya ninka kuɗin sau biyar. Ita ba ta sani ba, sai ranar da maƙwabciyarta ta shigo da wani kati da aka ba ta, tana cewa ta zo ta ga aikin mutanen waje, ko ita ma ta koyi wani abu. Matar ta karɓa, ta ga furen da ta yanka da hannunta, ta juya baya ta ga inda reza ta ci. Ta yafa mayafi ta tafi shagon ranta a ɓace. Mutumin ko kunya bai ji ba, ya ce, "Baiwar Allah, wa zai sayi kati in ya ji a lungunku aka yi shi? Sunanki kashe mini kasuwa zai yi." Ya ƙara da cewa ai kwali ne da tsumma, in ba ta so ga hanya nan. Ka ji ƙarfin hali. Ya ci guminta, ya toshe ƙofar da wani mai saye zai bi ya zo mata, sannan ya zage ta da cewa ba wanda ya san ta. Wallahi gara ɓarawon da ya haura katanga, shi aƙalla ba ya tsayawa ya raina maka kayan. Haka ta haɗiye baƙin cikin ta ci gaba da kai masa, don ba ta da wani wurin.

Ana nan sai wata Hajiya ta shigo shagon neman katin barka da haihuwa. Ya zaro mata mafi kyau, ya rantse shekaranjiya aka sauke shi daga jirgi. Hajiya ta ƙura wa katin ido. Ashe wata biyu da suka wuce ta aurar da 'yarta, kuma yadin da ita da aminanta suka sa a bikin ba na kanti ba ne. Ita da kanta ta zana adon, ta kai wa marina suka rina mata iya na mutum goma, ta kai wa telan nan na bakin layi ya ɗinka. Ga shi yau a jikin kati, an yanka shi an yi 'yar rigar jariri. Ta ɗago ta ce, "Alhaji, yaushe zanena ya yi fasfo ya fita waje ban sani ba?" Ya fara kame-kame, shagon kuwa cike da mata, kowa ta ji. Daga nan gidan tela ta wuce, tela ya nuna mata ƙofar mai katin.

Kafin sallah ta zagayo, matan biki da na suna sun san lungun nan kamar gidajensu, har da ragowar ankonsu suke zuwa a yi musu kati da shi. Shi kuwa gogan, turarensa da agogonsa da suka fito daga waje da gaske, su ma aka daina yarda da su. Da ƙafarsa ya je ya yi sallama a zaurenta, wai ta dawo, yanzu zai bar sunan. Ta aiko masa da cewa ya riƙe rezarsa, sunan ya riga ya fita ba ta shagonsa ba.

Kafin ka sake cewa ɓoye sunan mai aiki ba komai ba ne, ka tuna Hausawa sun riga sun faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.