Jikar Da Aka Ƙetaro Mini Da Ita

"Ga jikarka, Baba. Na ƙwato abata."

Ɗana ne ya faɗo falo riƙe da hannun wata yarinya mai kayan makaranta. Shekara bakwai ke nan da tsohuwar matarsa ta koma ƙasarsu da jaririya a goye. Kotun can ta yanka masa kuɗin ciyarwa, ko sisi bai taɓa aikawa ba.

Na ce, "Wanda bai yi shuka ba, me ya kai shi gona da lauje?"

"Jinina ce. A ƙofar makaranta na kira sunanta, ta rugo. A kan iyaka na nuna takardar haihuwa, suka buɗe mana. Yanzu uwar ta kai ni kotun mu gani."

Ya buga wa uwar waya, ya buɗe lasifikar wayar don in ji kukanta.

"Ke, 'yarki tana hannuna."

"Wace 'yar? Tawa ga ta nan kwance, zazzaɓi ya hana ta zuwa makaranta. Su biyu ne masu sunan a ajin. Ashe kai ne ɓarawon da 'yan sanda ke nema tun rana? Uban da bai san fuskar 'yarsa ba."

Na ce masa, "Ramin mugunta dai gajere ake gina shi."

Ya saki hannun yarinyar. Ita kuwa ta cafke gefen rigarsa.

Na durƙusa na ce, "'Yar nan, me ya sa kika bi shi?"

Ta ce, "Mama ta ce babana yana wata ƙasa, wata rana zai zo ya ɗauke ni."