Fata Ta Uku

Kwana shida ke nan Moise yana zagaya tarkunansa, kuma kwana shida yana dawowa hannu rabbana.

Fata ɗaya tak yake nema. Matarsa Adele ta rasu a asibitin birnin Yellowknife, ta bar rigar sanyinta ba ta gama ɗinka mata wuya ba. Fatar marten uku wuyan ke ci, ta sa biyu, ciwo ya kwantar da ita. Ran Asabar za a binne ta, shi kuwa ya rantse ba za a sa ta a ƙasa da riga mai guntun wuya ba.

Marten, 'yar dabbar nan mai kama da tunku, iri-iri ce. Ta kwarinmu fara-fara ce, wata har ja-ja, da ita ake yi wa yara hula. Baƙar, mai gashi cunkus da ɗigon rawaya a maƙogwaro, sai can saman duwatsu. Tun da gobarar daji ta lashe kwarin ma, ko farar babu mai samu.

Ban da Moise. Tsoho mai shekara saba'in da tara, ido ya yi rauni, hannu na rawa, amma shekara huɗu a jere kusan kowace Juma'a sai ya ciro baƙa daga tarko. Mun sha cika-baki har mun ƙoshi.

"Dabba ta san mutuminta," yake ce mana. "Ko naman tarkon ba ta tsayawa ci. Ku 'yan zamani sai dai ku kama mura!"

Adele kuwa sai dai ta yi murmushi ta ci gaba da ɗinki. Rana ɗaya take fita a mako, Alhamis, ta hau babur ɗin tafiya kan ƙanƙara ta kai wa ƙaninta Gabe takalman fata da ta ɗinka, ta dawo da yamma kumatu jawur.

A rana ta bakwai Moise ya haɗiye girman kai ya nufi gidan Gabe, wanda ke ɗana nasa tarkunan a duwatsu. Shekara hamsin suna tsokanar juna, amma ranar babu wanda ya iya.

"Yaya, zauna ka sha shayi," in ji Gabe.

"Ban zo shan shayi ba. Baƙa nake so, jemammiya. Sun guje ni, Gabe. Tun ranar da ta tafi ko ɗaya ba ta shiga ba. Me na yi musu?"

Gabe ya ɗauko jemammiya ya ajiye masa a cinya. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. To amma tsohon ya kifa kai yana kuka, yana cewa alhakin Adele ne ya kama shi, bai kula da ita yadda ya kamata ba. Wannan ne Gabe ya kasa jurewa.

Ya buɗe firiza, ya fito da wata baƙa sukutum, a daskare, ba a ko feɗe ta ba.

"Ba su guje ka ba, Yaya. Ga ta wancan makon nan. Kowace Alhamis Adele ke karɓa ta je ta sa maka a tarko."